Farautar Dandu

Kofur Wallumbi ya sauko daga doki, ya tsuguna, ya daɗe yana duban ƙasa.

"Kudu, ranka ya daɗe."

"Kullum kudu!" Insfekta Laidlaw ya tofar da yawu. "Kai tsohon kare, in ya kuɓuce mana, bayanka ne zai biya."

Haka Turawan Queensland, can ƙasar Ostireliya, suke yi. Su ɗebo 'yan ƙasa daga uwa duniya, su mai da su 'yan sanda, su ɗora su kan doki, su danƙa musu bindiga, su kai su inda ba dangi ba yare, don kada su ji tausayin mutanen da aka sa su harba. Daga bakin kogin Maranoa mutum biyu aka ɗebo, Wallumbi da Dandu. Gab da damina Dandu ya ɓace daga bariki, ga kuma ciwon tari yana cinsa. Wanda ya gudu kuwa harsashi ne rabonsa, don saura su gani. Da ruwa ya janye, Wallumbi da bakinsa ya ce zai kamo shi.

Sauran 'yan sandan suka daina cin abinci kusa da shi. "Ga mai sayar da ɗan'uwa nan," in ji su. In an ya da zango sai ya koma gindin bishiya da jakar sirdinsa, ya dafa shayi, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa da yaren da babu mai ji. In za a haye ruwa, jakar ce a kansa, garin abincinsa ko oho.

Suka wuce ciyawa, suka wuce duwatsu, dawakai suka rame. Laidlaw bai ga sawu ko ɗaya ba, amma da ma wane Bature ke gani?

Ranar da suka iso Maranoa, Wallumbi ya nuna tsallake.

"Ni kaɗai zan shiga. Ƙarar kofato za ta ɓata aiki."

Ya tuɓe kaki kamar yadda suka saba in za su yi sanɗa, ya ɗora jakar a ka.

"Bindigar fa, sakarai?"

"Ba zai yi gardama ba, ranka ya daɗe."

Ya haye, ya nutsa cikin daji har muryar Baturen ta ɓace. A gaban wata tsohuwar bishiya mai kogo ya durƙusa, ya kwance ƙunshin ɓawon itace daga jakar.

"Mun iso gida, ƙanena," ya ce, ya shiga jera ƙasusuwan Dandu a kogon, kamar yadda ya yi masa alkawari ranar da tarin ya kashe shi a bayan bariki ba tare da kowa ya sani ba.