Gishirin Abba Yostos

"Kai tsoho, ka sake dawowa?" in ji ma'ajin sarkin Habasha.

Abba Yostos ya dogara sandarsa. Kakan sarki ne ya yi wa gidan ibadarsu na kan dutse alkawarin gishiri duk shekara, su kuma su riƙa yi wa sarakuna addu'a. Addu'ar ba ta yanke ba, gishirin ne ya yanke.

"Wai ku nawa ne a can?"

"Ni kaɗai na rage, ɗana."

Ma'aji ya tuntsire da dariya. "Ungo kantu ɗaya, ya ishe ka."

Tsohon bai miƙa hannu ba.

"Alkawarin shi ne a kai mana har sama. Ni na binne 'yan'uwana duka. Ka turo masu kaiwa, ko a samu mai binne ni."