Jakar Alhazai Ta Riga Likita

Tun da aka samo gwajin da ke gane ƙarin hanji mai saurin yaɗuwa, masu ɗauke da shi ake fara ba kujerar Makka. Mijin Ladidi, Malam Talle, yana can ƙarshen layi, kuma suna jiran sakamakon nasa gwajin.

Tana tankaɗe maƙwabciyarta ta shigo da guɗa, rungume da sabuwar jakar alhazai.

"Ladidi, bana Malam zai sauke farali!"

"Ba gidan nan ba ne, Yaya. Duba sunan dai."

"Na duba."

Daga ɗaki Malam Talle ya ce, "Guɗar me ake yi?"

Ladidi ta tura jakar bayan turmi. "Haihuwa aka yi a maƙwabta, Malam."