Guɗar Inna Tabawa

Tun da aka kafa dokar hana hayaniya a tsakiyar birni, duk mai shiga filin bikin kaka sai an ɗaura masa wani siririn zare a wuya. In ka yi magana a hankali, lafiya lau. Kana ɗaga murya zaren zai haɗiye ta. Ihu da guɗa kuwa, lasifikokin filin ke yi wa jama'a.

Inna Tabawa ta tsaya a bakin ƙofa tana huci.

"Shekara talatin ina rangaɗa guɗa a filin nan, yau ni za ka ɗaura wa igiya kamar akuya?"

"Yi haƙuri, Inna, doka ce," in ji mai gadi. "Ai ma muryarki ce a lasifikar, taki suka naɗa tun da can."

"Da izinin uban wa?"

Mai gadi ya miƙo zaren. Dole ta miƙa wuya, don yau ɗanta Tanimu zai yi dambe.

Fili ya cika maƙil, amma tsit kamar gidan makoki. A turmi na biyu abokin karawar ya shammaci Tanimu ya narka masa naushi, sai ga shi warwas, baki duk jini.

Tabawa ta zabura ta ƙwala masa kira. Ko ita ba ta ji kanta ba.

Sai lasifikar da ke saman kanta ta saki guɗa, doguwa mai zaƙi, irin wadda Tabawa ta yi ranar sunan Tanimu. Ta tuɓe takalmi ta jefi lasifikar. Muryar ko rawa ba ta yi ba.