Aikin Ɗana

Na wurga wa ɗana wayata cikin farantin shinkafarsa.

"Manhajar kamfaninku ta kore ni! Tun kana goye nake acaɓa a Jakarta. Kai mai cika bakin warware lissafi mai wuya, buɗe min ita in koma aiki."

"Baba, irin wannan lissafin a jarrabawar ɗaukar aiki kaɗai na gan shi. Tsarin kwamfutar da ke korar direbobi sayo shi aka yi, ba mai taɓa shi."

"To uban me kake yi kullum a ofis?"

Ya goge wayar da rigarsa, ya nuna min ƙasan saƙon korar: "Mun gode da haƙurinka."

"Wannan layin rubutun a karkace yake a da. Ni na daidaita shi."