Sautin Goge da Ya Faɗa Tsakani

Ka ce ba ka da lokacin rubuta wa wasu yadda ka gyara abu. To, saurara.

An yi wani malamin kiɗa da ya ƙudura zai rubuta taken wani tsohon mai goge kafin ƙasa ta rufe masa ido, don hannun tsohon ya fara rawa kuma ba shi da magaji. Malamin ya samo manhajar rubuta kiɗa, irin ta kyauta wadda jama'a ke haɗuwa su gina. Ya zuba take na farko, ya kunna. Tsoho ya karkata kunne, ya ce, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne." Ashe goge na da wani sauti da ke faɗawa tsakanin sautuka biyu da manhajar ta sani, ita kuwa sai ta ja shi sama ko ƙasa. Mako uku malamin na fama shi kaɗai. Da ƙyar ya haɗiye girman kai ya kai kuka dandalin masu amfani da manhajar, ya ɗora muryar gogen da abin da ya rubuta. Wani makaɗi daga wata ƙasa mai nisa ya nuna masa inda ake rage sauti da rabin taki. Aka kunna wa tsoho, ya ɗaga kai ya ce a sake kunna masa.

Malamin ya so ya wuce abinsa, aiki na jiransa. Amma ya tuna makonni ukun nan, sai ya zauna ya rubuta hanyar da Hausa, daki-daki, har da hoton inda ake dannawa, ya ajiye a dandalin. Ko sannu ba wanda ya ce masa.

Bayan shekara huɗu tsoho ya rasu. Aka sa ranar da ɗaliban malamin za su kaɗa taken tsohon a gaban iyalinsa. Ana saura kwana biyu, malamin ya buɗe ajiyarsa cikin sabon zubin manhajar, ya tarar take arba'in ɗin da ya rubuta duk sun karkace, kuma ba sauran mai cewa ga daidai. Ya koma dandalin yana lalube, sai ga tsohon rubutunsa ya yi tsawo. Wata shugabar mawaƙan coci, wadda bai taɓa gani ba, ta koya daga nan, ta ƙara yadda ake gyaran a sabon zubi. Wani kuma ya gyara mata kuskure a layi na uku. Malamin ya bi abin da suka rubuta, kafin la'asar take arba'in sun koma kan ƙafarsu. Ranar taron, matar tsohon ta ji na farko, ta ce, "Shi ne."

Tashi ka je ka rubuta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.