Takardar Siminti a Cikin Kwala

Ka ce abin da yake ɓoye ba wanda zai gani, don haka a rage masa inganci. Wannan magana taka ta ɓata mini rai, to zauna ka ji misali.

An yi wani tela mai ɗinka kwat. Duk wanda ya san kwat ya san mutuncinta yana kwala, wato kunnuwan nan biyu da ake naɗewa su kwanta a ƙirji. Abin da yake tsayar da su wani ƙyalle ne mai kauri da ake sakawa a ciki, a bi shi da allura a hankali, ido ba ya taɓa ganinsa. Shi wannan tela, don tsabar ha'inci da son banza, sai ya daina sa ƙyallen. Ya riƙa yanko takardar buhun siminti yana cusawa, ya danne da dutsen guga, kwala ta miƙe tsaf kamar ta kirki. Mutanen garinsu kuwa ba ya yi musu haka, don yana tsoron bakinsu. 'Yan sari yake tara wa, su loda a mota su kai birni mai nisa. Abokan sana'a sun yi masa faɗa har sun gaji, kullum amsarsa ita ce wanda zai saya bai san shi ba, shi ma bai san shi ba. Ka ji rashin tsoron Allah.

Ashe ɗansa na fari, wanda ya gama karatu a wannan birni, an kira shi intabiyu a aikin da ya daɗe yana nema. Bai so ya ɗora wa uban nauyi, sai ya shiga kasuwa ya sayi kwat ɗinkakkiya. Ranar da zai je, ruwan sama ya tare shi a hanya. Kafin ya isa takardar da ke cikin kwalar ta jiƙe ta dagargaje, kwala ɗaya ta lanƙwashe kamar kunnen kare, ɗayar ta kumbura tana zubar da ruwa mai launin toka a kan farar rigarsa. Ya zauna gaban masu ɗaukar aiki yana kare ƙirji da hannu, kunya ta sa abin da ya sani ma ya ɓace masa. Aka ba wani mutum daban aikin. Da ya dawo gida sai ya miƙa wa uban kwat ɗin, ya ce ya duba masa abin da aka cuce shi da shi. Tela ya sa reza ya farke kwala. Ga takardar siminti, ga irin ƙullin zaren da shi kaɗai yake yi a ƙarshen ɗinki. Ɗan, idonsa ja wur, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗinka wannan. Baba, ka ce amin." Tela ya riƙe reza a hannu, ya kasa ɗaga kai, ɗan kuwa yana tsaye yana jiran amin.

Ni ban ji tausayin telan ba ko kaɗan, ɗan nake tausaya wa. Tun da can Hausawa suka gama magana: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai ne za ka faɗa.