Garin Haihuwarta

Jami'in shige da fice ya ɗaga biro daga fom ɗin izinin zama. "Alhaji, ina aka haifi maiɗakin taka?"

"Nijar."

"Ai Nijar ƙasa ce. Wane gari? In ba a cike nan ba, ba ta samun takardar."

Shekara ashirin da shida tana gidansa a Haɗejiya, ta haifa masa bakwai. Ya san sunan duk tafkin da ake kamo kifin da yake sayarwa, daga Kirikasamma har Nguru. Amma a kan sunan garin matarsa, sai ya juya ya dube ta inda take zaune a gefensa.

Ita ta ambaci ƙauyen a hankali, sannan ta ce, "Mantuwa ce kawai, ranka ya daɗe. Duk shekara yana cewa zai kai ni."